Sarkin Garin Madam da Kwalayen Sukari

Karatuna bai wuce aji biyu ba a lakwal ɗin Damagaram, na biyun ma maimaicin na farko ne. Amma akwai wani sarki na ƙasar Rasha da ya mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, wanda na san labarinsa fiye da yadda na san na mai unguwarmu. A ɗakin girki na koye shi, a Arlit, ina yankan albasa. Sunansa ne kawai ban riƙe ba, don bakina bai taɓa iya furta shi daidai ba.

Na zo Arlit lokacin da uraniyom ke tashe, lokacin da kowa a kudu yake cewa a can ko sharar titi ka yi sai ka sayi rediyo. Kafin nan na gwada sayar da goro na cinye jarin, na gwada dako bayana ya ƙi. Garin bai da komai nasa sai ramin haƙar uraniyom da rana. Tumatir, itace, katifa, har limamin masallaci, duk kamyo ne, babbar motar kaya, ya kawo su. Manyan ma'aikata suna cikin site, unguwar kamfani, gidaje a jere da lantarki da bishiyoyin da ake ba ruwa da tiyo, mu kuma muna bukkoki a bayan gari. Na samu aikin kuku da ƙarya. Na ce na yi wa wani kumandan girki, alhali kajinsa kawai na fige.

Maigidana injiniya ne, mutumin wani ƙauye a Adar. Gwamnati ta tura shi karatu Rasha, ya dawo da takardar shaida da mata da ƴar yarinya mai jan gashi. Matar muke ce wa Madam. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Matan Faransawa ba su ja ta cikinsu ba, matanmu kuma suna ce mata Nasara su wuce. Ranar farko da ta ga yadda na riƙe wuƙa ta gane ban iya komai ba, amma ba ta faɗa wa maigida ba. Ta koya mini girki, ni kuma na koya mata Hausa, shi ya sa har ta bar garin nan in ta yi fushi zagin ƴan tasha take yi. Mace da namiji duk “shi” take ce musu, har ƴarta.

A can garinsu tarihi take karanta kafin ta yi aure, kuma a kan wannan sarki take rubutun da ba ta gama ba. Da rana, in maigida yana rami, yarinya ta yi barci, sai ta zauna tana fere dankali tana ba ni labarinsa da guntuwar Hausa da guntun Faransanci. In akwai kuskure a abin da zan faɗa, nawa ne.

Garin na katako ne, a kan tudu, a bakin wani kogi da ke daskarewa lokacin sanyi har doki ya bi ta kansa. Arzikinsu zuma da kakinta da fatun namun daji. Ƙasarsa ƙarama ce, kuma an ajiye ta a mugun wuri. Daga kudu akwai mahaya dawakai, mutanen tanti, waɗanda babban sarkinsu ne ke naɗa duk sarakunan Rasha, a kai masa haraji. Daga arewa akwai wani ɗan uwansa sarki, wanda ƙasarsa ke ta ƙiba tana haɗiye ƙanana. In na kudu za su je yaƙi da na arewa, ta gonakinsa suke bi. In na arewa za su rama, nan ma ta gonakinsa. An ƙone masa gari an sake ƙonewa, shi kuma ya shiga daji da mutanensa, in wuta ta mutu su fito su sare itace su sake gini.

Na ce, “Madam, wannan ai ba sarauta ba ce, zaman bakin titi ne.”

Ta ce, “Ya yi shekara kamar hamsin a kai.”

Da ta gaya mini mutanen tantin nan Musulmi ne, sai na koma bayansu, ina ce musu namu. Duk ranar da suka ƙone garin sai in ce, “Namu sun kuma.” Ta jefe ni da ɓawon dankali.

Akwai shekarar da sarkin tanti ya taso da runduna, sai sarkin Madam ya tare shi ya nuna masa mashigin kogi, don ya wuce ya bar masa ƙasarsa. Suka haye, suka yi ɓarnarsu a arewa, da za su koma suka ƙone tasa. Na arewa ma suka zo suka ƙone abin da ya rage, don ya nuna hanya. A lakwal, in ji ta, maci amana aka koya musu a ce masa. Ita kuwa abin da take so ta rubuta shi ne mutumin bai da wani makami sai sunkuyawa, kuma da sunkuyawar ya riƙe garin har tsufa.

Sai maganar ɗansa. Mutanen tanti sukan riƙe ƴaƴan sarakuna a wurinsu, don uba ya san abin da zai rasa in ya yi taurin kai. An riƙe nasa. Sarakunan da aka yi wa haka, in ji ta, ba sa cewa a ba su ɗansu. Kyauta suke aikawa, fatu da azurfa da tsuntsayen farauta, ga sarki, ga matansa, ga masu tsaron ƙofa, suna jira ranar da za a ce ya isa. Na ji wannan kamar yadda nake jin wasan kwaikwayo a rediyo. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da albasata.

Maigida ya rasu a hanyar Agadas. Mota ce ta kife da su da safe. Aka kawo shi, aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar bayan gari inda ƙasa ke da tauri sai an sa diga. Madam ba ta yi kuka ba. Ta zauna a tabarma inda aka nuna mata, da mayafin da wata maƙwabciya ta yafa mata, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta ce “na gode.” Ni ma ban ji komai ba a kwanakin nan. Ina dafa shinkafa tukunya bayan tukunya, ina tunanin ko za a sallame ni.

Dangi suka iso daga Adar bayan an yi kwanaki. Babbarsu yayar maigida ce, wadda yarinyar za ta ce wa Gwaggo, mace ƴar ƙarama mai zanen baƙi, wadda duk ƴaƴan da ta haifa ba wanda ya rayu. Da aka gama zaman makoki, wani tsoho cikinsu ya yi gyaran murya ya ce, kamar yadda aka saba, Gwaggo za ta tafi da yarinya ta riƙe, ta ga dangin ubanta, ita kuma Madam ta samu ta yi takaba cikin natsuwa. Ni na maida mata maganar da sauƙaƙƙiyar Hausa.

Ta dubi tsohon, ta dubi mazan da suka cika falo. Maigida ya sha gaya mata cewa a wurin mutanensa ba a musu da manya a gaban jama'a, kuma mace mai kunya ba ta nuna zaƙuwa a kan ɗan fari. Ta ce, “To.” Ta tashi ta haɗa kayan yarinyar da kanta, har da wata ƴar tsana ta katako. Da kamyo zai tashi ba ta rungume ta ba, ta gyara mata ɗankwali kawai. Tsohon ya ce mini a kunne bai taɓa ganin Nasara mai kara irin wannan ba. Ni ma na ji daɗi, kamar ni na raine ta.

Kamfani ya ba ta aikin jera kaya a magaza, inda manyan ma'aikata ke sayayya, aka maida ta wani ƙaramin gida. Ba ta sallame ni ba, ko da yake girkin mutum ɗaya da ba ya ci ba aiki ba ne. Takaba ta ƙare, ba wanda ya ce komai daga Adar. Sai wata rana na tarar ta ɗaure kwalaye: sukari, madarar gwangwani, sardin, sabulu mai ƙamshi, atamfa. Ta ware wannan na Gwaggo, wannan na matan gidan, wannan na tsohon da ya yi magana, wannan na mai gari.

Ta ce, “Kuku, ka kai.”

Tun kafin a shimfiɗa kwalta na fara wannan tafiya, a bayan kamyon ƴan kasuwa, a kan buhuna, kwana da kwanaki. Ba zan ɓoye ba, na so aikin. A Arlit ni kuku ne, a ƙauyen nan kuwa baƙo ne daga garin uraniyom. Ana yanka mini zabo. Na sayi tabarau don tafiyar kawai. In na sauke kwalaye mata su yi guɗa, Gwaggo ta yi ta sa albarka, ta kira yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni. Tana nan lafiya, ta yi ƙiba, an yi mata kitso, Hausarta ta koma ta Adar.

In na dawo, tun ban ajiye jaka ba Madam za ta ce, “Me suka ce?”

“Sun gode ƙwarai. Sun ce Allah ya bar zumunci.”

“Shi ke nan?”

“Sun ce ba su taɓa ganin suruka irinki ba.”

Sai ta gyaɗa kai ta koma ɗaki. Bayan wasu watanni ta sake ɗaure kwalaye, sun fi na baya yawa. Na taɓa ce mata ta zo mu je tare mana. Ta ce in ta gan shi, ƴar take nufi, ba za ta iya juyowa ta bar shi ba, kuma in ta yi rigima a can komai ya lalace. Na ɗauka maganar kewa ce irin ta uwa. Labarin sarki kuwa ta daina ba ni. Da rana sai ta zauna a ɗakin girki tana kallon firigo, akwatin sanyin nan.

Haka muka yi damina uku ko huɗu. Aka gama kwalta, tafiya ta yi sauƙi, aka buɗe sabon rami a Akokan, gari ya ƙara cika. Ta sayar da rediyon maigida da agogonsa da kwat ɗinsa na sanyi da ya zo da shi daga Rasha, duk suka koma sukari.

Ranar da na gane, na dawo ne daga Adar, na ba ta amsar da na saba, na ɗauki wuƙa na fara aikin miya. Ba ta koma ɗaki ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, “Kuku, kai ka san mutanenka. Me ya rage? Me suke so kuma?”

Na ce, “Suke so na me, Madam?”

“Su ba ni shi.”

Na tsaya da wuƙa a hannu. Abin da ya fara zuwa kaina, Allah ya sani, shi ne zabin da na ci. Sannan na tuna fatu da azurfa da matan sarkin tanti. A wurinmu, in ka ba ƴar uwa riƙon ɗa kana aika mata kaya, godiya kake yi, kana cewa na yarda da riƙonki, ci gaba. Duk kwalin da na sauke a ƙauyen nan, abin da ya faɗa musu ke nan. Ita kuma fansa take aikawa. Ni ne jakadan da ke tsakani, da tabarau, ban san saƙon da nake ɗauke da shi ba.

Na ce, “Madam, ba garkuwa suka yi da ita ba. Ba su san kina so ba.”

“Ba su san uwa yana son ɗansa ba?”

“Sun san kina sonta. Sun ɗauka kin ba Gwaggo ne, don ba ta da kowa. Tambaya kawai za ki yi.”

“Tambaya.”

“Da baki.”

Ta ja kujera ta zauna. Ba ta zage ni ba, ko da yake ta iya. Can na ce, don dai in ce wani abu, “Shi ɗan sarkin naki, kyautar ce ta fito da shi?”

Ta ce, “A'a. Gudowa ya yi da ƙafarsa.”

“Uban ya yi murna?”

“Masu rubutu ba su rubuta wannan ba. Sun ce ya dawo.”

Muka tafi tare a kamyon wani Bakatsine, ita a gaba ni a baya, ba kwali ko ɗaya. Muka isa da hantsi. Yaran gidan duk suna sanye da atamfar da na kawo bara, kamar ƴan makaranta. A ɗakin Gwaggo kwalayen sukarin nan ne a jere har sama, ta mai da su ma'ajiyar kaya. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Madam ba ta jira an gama gaisuwa ba. Da Hausarta ta ƴan tasha ta ce ta zo ta tafi da ɗanta.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Ta juyo gare ni ta ce, “Malam, mi ta ce?”

Na maimaita, na kuma gaya mata ma'anar kwalayen, yadda na iya.

Ta ce, “Wanga abu. Mi ya hana ta hwaɗi tun shekarar hwarko? Mu da muke cewa ta hi mu kunya.” Ta dubi kwalayen. “Ashe saye take yi. Ni ina sa mata albarka.”

Ta aika aka kira yarinyar daga rijiya. Ta shigo da ƙafafu jiƙe, ta yi tsawo, gashin nan ja an kitse shi da man shanu. Ta durƙusa ta gaishe ni da fara'a, sannan ta durƙusa ta gaida baƙuwa, idonta a ƙasa. Madam ta yi mata magana da harshensu, kalma biyu ko uku, a hankali. Yarinyar ta dube ni, tana jira in fassara. Ni kuwa ban iya ba.

Gwaggo ta ce, “Uwarki ce. Tashi ki haɗa kayanki.” Ita ma ta haɗa kayan da hannunta, ita ma ba ta rungume ta ba. Ƴar tsanar katakon tana nan, fentinta ya goge, yaran gidan sun cire mata kai.

A hanya yarinyar ta ƙi zama a gaba, ta hau baya wurina. Da muka tsaya salla a wani ƙauye ta ja mini riga ta ce, “Baba, yaushe Nasarar nan za ta maida ni gida?” Madam tana tsaye kusa da mu da butar ruwa. Ta ji. Ta miƙa mini butar ta koma mota.

Aka sa ta lakwal a Arlit. Ba ta yi rigima ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Tana cin abin da na dafa in tuwo ne, in miyar kabejin Madam ce ta ce ta ƙoshi. Ni na tambayi ƙarshen sarkin a kwanakin nan, don gidan ya yi shiru da yawa. Madam ta ce daga baya ya yi sulhu da ɗan uwan nan na arewa, aka haɗa ƴaƴansu aure. Da ya tsufa ya sa rigar masu ibada ya bar ado. Ɗan da ya gudo ya sake faɗawa hannun wasu a wurin yaƙi, uban ya mutu bai gan shi ba. Ƙasar ta ɗan jima a hannun jikoki, sannan ta arewa ta haɗiye ta. Sulkensa yana nan a wani ɗaki a garinsu, ana kai yara su gani. Na ce Allah ya ji ƙan Musulmi, ta ce shi ba Musulmi ba ne, na ce na sani, namu nake nufi.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wani direba a ƙofar gida da buhun albasar Adar, da ƙullin daddawa, da kilishi a cikin takarda, da ƴar ƙwarya sabuwa. Ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi, ta ce a kai gidan Nasara. Yarinyar ta shinshina daddawar, ta ɗauki ƙwaryar ta shige ɗaki da ita.

Madam ta tsaya a kan buhun. Ta ce, “Kuku, wannan godiya ne, ko irin nawa ne?”

Na ce, “Wallahi Madam ban sani ba.”

Ta dubi ɗakin da yarinyar ta shiga, ta ce, “In an rufe lakwal ka kai shi. In za a buɗe ka dawo da shi. Ka faɗa wa Gwaggo da baki.”

Haka aka yi, shekara da shekaru, har uraniyom ya faɗi aka fara rage ma'aikata. Ina kai ta, ina dawo da ita, kuma ba ta taɓa guduwa daga ko'ina ba. Zabo dai an daina yanka mini. Albasar nan mun daɗe muna ci, mai zafi ce, irin wadda ke sa mai yanka hawaye ko bai yi niyya ba. Yarinyar takan zo ta taya ni ɓarewa. In uwarta ta shigo sai ta miƙe tsaye ta ce, “Sannu da zuwa, Madam,” kamar yadda ta ji ina cewa. Madam kuwa ta amsa, ta ajiye jakarta, ta ɗauki wuƙa.